Zuwa Basirka Kan Sunan Littafina

Birnin Kudu

Ana idar da sallar asuba na ɗauki jakata na fita, ban ko tsaya kunun da surukata ta dama ba. A jakar akwai kwafi ɗaya na littafina, labarin rayuwata, ni da ban san harafi ba sai da na aurar da 'yata ta fari. Sauran suna maɗaba'a a Kano, an ɗaure su ana jiran in ce a fitar. Sunansa "Alli a Hannun Kaka".

Ba ni na ƙirƙiri sunan ba, ban kuma taɓa ɓoyewa ba. Sunan wasan kwaikwayo ne da Malama Hajara ta rubuta mana a ajin yaƙi da jahilci, ni na fito a kakar. Da ta rasu na ce zan mayar mata da suna, yadda ake yi wa mamaci takwara da jariri. Wa ya taɓa neman izini kan wannan?

Sai ga wayar 'yarta Zulai daga Basirka, ko gaisuwar kirki babu: in cire sunan ko mu haɗu a kotu. Wani lauya maƙwabcinmu ya ce mini haƙƙin mallaka bai cika kama sunan littafi shi kaɗai ba, amma idan ta yi masa rajista a matsayin alamar kasuwanci, to magana ta yi tsawo. Ya ce mai yiwuwa in yi nasara. Na ce ba kotu zan fara zuwa ba, idon yarinyar nan nake son gani.

Hanyar Gwaram

Bas ɗin ba ta cika ba sai da rana ta fito. An cusa mu huɗu-huɗu, ga buhunan taki a ƙarƙashin ƙafafunmu.

"Inna, gaisuwar mutuwa za ki? Na ga fuskar a ɗaure," in ji direba.

"Faɗa zan je. Kalli hanyarka."

Damina ta cinye gefen kwalta. Gero ya yi kai, amma a kwari duk ya kwanta cikin ruwa. A shinge aka sauke mu aka zazzage kaya. Wani mai kaki ya jujjuya littafin ya ce na jikata ne? Na nuna masa hotona a bayan bango. Ya miƙo mini, muka wuce.

Gwaram

Na tarar kasuwa na ci. Na zauna wurin wata Bafulatana na sha fura da nono, ta yi tsami amma ta riƙe ciki. Ina cikin sha na ji lasifika daga rumfar masu tura wa mutane waƙoƙi a waya, muryar mace tana cewa, "Alli a Hannun Kaka, kashi na gaba." Na ajiye ludayin. Kamar muryar Malama sak. Mata sun yi cirko-cirko suna saurare da kayan miya a hannu. Mai rumfar ya ce wata bazawara ce a Basirka take shirya wasan, ita da ƙawayenta, kuma yana tafiya sosai.

Ruwa ya sauko bayan azahar bai ɗauke ba. Na kwana gidan ƙanwar mijina, ta yi mini tuwon dawa da miyar kuka. Na ci kaɗan.

Basirka

Da hantsi na hau acaba, taɓo har gwiwar zanena. Gidan su Malama babba ne, amma ɗakin Zulai na can ƙurya kusa da turken awaki, rufinsa na yoyo. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Ban sha ba. Na ajiye littafin a gabanta.

"Uwarki ce ta ɗora mini alli a hannu. Na yi mata takwara, ke kuma kina kira mini kotu. Ba ki da kunya?"

"Inna, takwara mutum ake yi wa. Wannan gadona ne."

"Gado? Suna?"

"Ranar rabo, yayyena biyu suka ɗauki gona da shanu. Suka turo mini akwatin takardunta, suka ce wasannin da ke ciki dukiya ce, in an yi kuɗinsu sun kai rabona. Mai rabon ya amince. Ina takabar mijina a lokacin, da wa zan yi jayayya? Na sayar da keken ɗinkina na je na yi wa sunan rajista. Da shi nake ciyar da yaran nan."

Na ce to mu yi tarayya, ta riƙe muryoyi, in riƙe takarda. Ta girgiza kai. Wasu masu shirya fim sun nemi sayen shirin, sharaɗinsu sunan ya zama nata ita kaɗai. Da suka ga tallan littafina sai suka daina ɗaga wayarta.

Muna haka babban wanta, Alhaji Sule, ya leƙo da babbar riga yana dariya.

"Inna, ki buga abinki, ni na ba ki izini. Sunan wasan yara ne, me ake ci a ciki?"

Na miƙe. "Alhaji, ranar rabo ba ka ce wasan yara ba ne. Ranar ka ce ya kai gona. Ko dai ka yi ƙarya ran nan, ko kana yi yau. Zaɓi ɗaya in kai wa mai unguwa."

Ya ce shi ba ya sa'insa da mata, ya fice. Zulai ba ta gode mini ba, ban kuma jira godiya ba. Ta rako ni bakin zaure ta ce, "Har yanzu maganata tana nan, Inna. Ki cire."

Komowa

A tashar Gwaram, kafin mota ta cika, na kira mai maɗaba'a na ce a yage bangon duka, da shafin farko. Ya ce na san asarar kuwa? Ya ce 'yan kasuwar da suka yi oda, da wancan sunan suka san littafin, ƙila su fasa. Na ce na ji, a yage.

Ba wai na huce ba ne. Da 'ya'yan Malama maza ne suka kira ni, wallahi da sai alƙali ya raba mu. Amma ba zan tsaya gaban kotu in ƙwace wa marainiya abu ɗaya da aka bar mata ba, ko da doka ta ba ni.

Na iso Birnin Kudu ana kiran la'asar, ƙafafuna a kumbure. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa ƙanwar mijina da ta saukar da ni. Ku da kuka yi ta tambayata yaushe littafin zai fito, ga amsa: yana Kano tsirara, ba bango, ba suna, kuma har yau ban samo wani ba.