Kawu Mai Kaifi da Wuƙa Mai Haƙori Ɗaya

Masu tuƙa injuna sun ce ba su taɓa riga shi zuwa wurin aiki ba. Mai shara ta ce shi kaɗai ke ɗaga mata ƙafa har ya haɗa da sannu. Matarsa kuwa cewa take: "Shekara talatin da huɗu yana wasa wuƙaƙen mutane, tawa ta kicin ko tumatir ba ta yankawa." Kawu Mai Kaifi ke nan, mai gyaran wuƙaƙen injin, wanda ya ajiye aiki makon jiya.

Kullum da safe zai rataye hula a ƙusa, ya zuba ruwa a gwangwanin da ke gefen dutsen washi, ya bi injuna ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne. Daga kukan injin yake gane wuƙar da ta dakushe.

Injiniya, shugaban wurin, ɗan ƙanwarsa ne, kuma akwai ranar da ta tsaya wa Injiniyan a rai shekara bakwai. An kawo allunan roba masu kauri guda sittin, na gadajen yara marasa lafiya. Ana so a zaftare gefen kowanne a karkace, faɗin yatsa biyu, don kada ya yanki yaro. Injiniya ya sayo wuƙa mai haƙora takwas, sai ƙyalli take.

Kawu ya juya ta a hannu ya ce, "Wannan ta yankan ƙarfe ce. Roba ba ta son haƙora da yawa."

"Kawu, ba wasa adda muke yi ba," in ji Injiniya. Ma'aikata suka kwashe da dariya.

Aka kunna injin. Roba ta yi zafi, ta narke, ta cushe haƙoran kamar cingam. Kafin azahar alluna tara sun lalace, alhali rarar da aka bayar goma ce kacal. In aka ɓata biyu nan gaba, aikin ya kuɓuce, rabin ma'aikata su koma gida.

Kawu ya koma wurin dutsen washi. Ya ɗauko guntun ƙarfe a akwatinsa, ya zauna yana wasa shi har la'asar. Ya fitar da haƙori ɗaya tak, mai faɗi, da rami babba a gabansa inda sassaƙe zai fice, ya goge ramin har mutum na ganin fuskarsa. Ya ce a ci gefen sau uku, kaɗan-kaɗan.

Waɗanda ke wurin har yau suna ba da labari. Sassaƙen ya riƙa fitowa dogo, yana nannaɗewa. Kawu ya cafke ɗaya ya ɗora a leɓensa. "Da sanyinsa," ya ce. "Ku ci gaba. In ya ƙona leɓe, ku tsaya." Ko allo ɗaya bai ƙara lalacewa ba.

Kai ne, Kawu, ka koya wa masu takardu auna zafi da leɓe. Kai ne aka yi wa dariya da hantsi, ka ceci masu dariyar da la'asar, kuma ba ka taɓa tayar da zancen ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Duk mai sana'a ya koyi wannan kasa kunne, da wannan kame baki.

A taron sallama, Injiniya ya karanta jawabin da ya rubuto, ya kai ƙarshe, amma ya kasa zama. Ya zaro tsohuwar wuƙar nan mai haƙori ɗaya daga aljihu. Kawu ya leƙo ya ce, "Au, ashe kai ka sace min ita."

Aka yi dariya, ban da Injiniya. Ya cire hula ya durƙusa a gaban ma'aikatansa.

"Kawu, a gabansu na raina ka, a gabansu nake roƙo. Ka yafe mini."