Kujera ta Uku a Teburin Balarabe da Bayahude

Matso kusa ka ji, wannan zance ba na ɗaga murya ba ne. Ni ban yi nisa a boko ba, Faransancina na cefane ne, amma Allah ya ba ni kunne. Daga madafa nake bambance ƙarar bensikin, wato babur ɗin haya, na maƙwabcinmu da na baƙo tun bai karyo kwanar layinmu a unguwar New Bell ta Douala ba.

Surukina, mahaifin maigida, kuku ne. Wani Balarabe mai kantin yadi a Akwa ya yi wa aiki har furfura ta fito masa. Da tsufa ya kama shi, hankalinsa ya fara tafiya yana dawowa, sai muka ɗauko shi daga Ndogbong ya zauna da mu. Ba ya faɗa, ba ya yawo. Abinci ne ya daina ci. In na ajiye masa tuwon shinkafa ko makabo, gwaza ke nan, da miya, sai ya miƙe ya tsaya jikin bango, hannu a baya, ya ce, "'Yar nan, ba su gama ba tukuna."

"Su wa, Baba?"

Sai ya ci gaba da tsayuwarsa. Haka ya yi ta ramewa har zoben azurfarsa ya zame daga yatsa wajen alwala.

Ana cikin haka maigida ya sayo faifan wani fim na ban dariya a hannun masu talla. Balarabe ne da Bayahude maƙwabtan juna a ƙasar Turawa, ba sa ga maciji, sai bangon da ya raba ɗakunansu ya rushe, dole suka koma cin abinci a tebur ɗaya. Kowa na cewa kuskus ɗin uwarsa ya fi daɗi, kowa na leƙa tukunyar ɗan'uwansa ya ga ko naman ya halatta. Ko ba ka jin yaren sai ka yi dariya. Baba kuwa da ya ga sun zauna a tebur, tsam ya tashi ya kama bango. Ya tsaya har suka gama, suka ja kujeru baya, Balaraben ya yi nuni a kwashe kwanuka. Nan take Baba ya zauna ƙasa ya jawo tuwon da ya huce tun azahar ya cinye.

Maigida ya yi hawaye. Ya ce dokar gidan Balaraben ke nan, kuku ba ya kai loma baki sai masu gida sun tashi. Ashe izini tsoho yake jira.

Daga ranar fim ya zama cikin kayan girkina. In na sauke tukunya sai in kunna tele, talabijin ke nan, in koma madafa, don suruka ba ta tsayawa kan surukinta yana ci. Ta kunne na haddace shi. Cokula biyu, tarin Bayahuden bayan ya sha barkono, ƙarar kofi, sannan kujeru biyu a ƙarshe.

Wata la'asar ana ruwa irin na Douala, wanda yake cika kwata har ya leƙo zaure, ina wanke-wanke, na ji an ja kujera. Ba a ƙarshe ba, a tsakiyar cin abincin. Kuma ba jan wanda ya ƙoshi ba ne, a hankali aka ja ta, irin yadda ake ja wa baƙo. Sai na ji muryar Baba, ƙasa-ƙasa.

"Ni, patiron? A'a, wane ni." Patiron dai ubangida ke nan da Faransanci. "To. Na gode, Allah ya saka."

Na leƙo da kumfa a hannuna. Yana zaune kan kujerar maigida, kwano a cinya, yana ci suna ci. Ya ce wani abu ya yi dariya, kuma wallahi tarin Bayahuden bai zo a inda ya saba zuwa ba. Sai da Baba ya rufe baki sannan ya zo.

Da maigida ya dawo daga kasuwa na gaya masa. Ya ce, "Ke da kunnenki! Ruwa ne a kan kwano ya ruɗe ki." Ya mayar da fim ɗin baya muka saurara tare. Ƙarar kujerar tana nan. A hoto kuwa fuskokin mutum biyun kawai ake gani, babu wanda ya motsa.

"To kin ji, dama tana ciki," in ji shi.

"Da ba ta ciki."

Ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakin Baba, ya kashe tele.

Ƙanwar maigida ta zo daga unguwar Kotto ta ji labari, ta ce, "Yaya, ku fasa faifan nan, a yi masa tofi." An yi tofi, an yi sadaka, na ɓoye faifan cikin kwalla. Baba ya koma bango. Leɓensa ya bushe, ko kunu ya ƙi. Da na roƙe shi sai ya ce, "Ba su zo ba yau ma?" Na kasa jurewa. Na ciro faifan na kunna.

Yanzu kumatunsa sun ciko, yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Ni kuma daga madafa cokula uku nake ji, alhali Baba da hannu yake ci.

Shekaranjiya na shiga ɗaukar kwano fim bai ƙare ba, ya ɗago ya ce, "'Yar nan, sun ce ke ma kina wahala da yawa. Ki zo ki zauna."

Na durƙusa na ce, "Baba, ai suruka ba ta ci gabanka."

Ya juya wajen tele ya ce, "Kun ji ko? Mai kunya ce." Na fito da baya-baya, ban yarda na saurari abin da ya biyo ba.

Ga tukunyata can ta kusa nuna, shi kuma ya riga ya wanke hannu yana jira. Kai da kake zaune nan, in kunna ko in bari?