Ranar da Na Ɗauke Bip ɗin Ƙanwata

Autar gidanmu ce ta fara karatun likita a duk danginmu na Zongo. Ni makaranta aji shida na tsaya, na koma tashar manyan motoci wajen kawu. A shekarar da ta fara koyon aiki a asibiti aka ba ta wani ɗan baƙin abu kamar kwalin ashana, ana ce masa bip. In ya yi kuka, lamba ce ke fitowa, sai ta ruga kabin ɗin waya na bakin titi ta kira, ko ta tare zemijan, wato ɗan acaɓa, ta wuce asibiti. Babban likitan da ke koyar da su, wanda suke kira Farfesa, ya ce duk wanda aka kira bai amsa ba zai maimaita shekara. A gabana ta faɗa wa Inna haka. Na ji da kunnena, ba ni da uzuri.

Wata Asabar ina shirin zuwa suna a Godomey, na sha sabuwar shadda, sai na ga bip ɗin a kan taga, ita tana wanka. Na maƙala shi a bakin aljihuna don in gani ko ya dace da ɗinkin. Ya dace. Na ce awa ɗaya ce kawai, na fita.

Ina kan tabarmar baya a gidan sunan, inda irinmu ke zama, abin ya fasa kuka. Kowa ya juyo. Kakan jaririn ya ce, "Kai ɗan nan, mene ne ke tsuwa a ƙirjinka?"

Allah ya yafe mini, na ce, "Asibiti ne ke nemana, Baba."

Nan take aka matsar da ni tabarmar gaba, aka ajiye mini cinyar rago. Ban san yadda ake kashe shi ba, ban kuma san me lambar ke nufi ba. Don haka duk sa'ad da ya yi kuka sai in dube shi, in girgiza kai, in ce, "Su jira." Wani mai sayar da shanu ya ce wa na kusa da shi, "Ka ga manya. Asibiti guda yake wa jan aji."

Mutane suka fara layi. Wani ya zaro mini harshensa. Wani ya tambaye ni ko bijiminsa mai zawo zai tashi, na ce a rage masa tunani. Wata tsohuwa ta miƙe ƙafa ta ce gwiwarta ta shekara tana ciwo. Na rasa abin yi, na ɗora mata bip ɗin a gwiwa, sai kuwa ya yi kuka. Ta ce, "Wallahi na ji ya shiga har ƙashi."

Ina cikin haka zemijan ya tsaya a ƙofa. Auta ce, ɗankwali a karkace, kumfar sabulu a bayan kunne. Ta durƙusa ta gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta miƙo mini hannu ta ce, "Yaya, ba ni." Ta danna, ta karanta. Kira huɗu. Ta hau babur ɗin ta tafi. Mace ce mai naƙuda aka neme ta dominta. Wata ɗaliba ta tsaya a madadinta, an sauka lafiya, amma Farfesa ya rubuta sunan Auta.

Inna ta daina amsa gaisuwata. Ranar Litinin na sa shaddar nan na je asibiti, na tsaya a gaban Farfesa da guntun Faransancina, na faɗa masa komai, har gwiwar. Ya cire tabarau ya ce, "Gwiwar ta warke?"

Na ce, "Ta ce ta ji sauƙi, ranka ya daɗe."

Ya ce tunda ina son abin, yau ni zan riƙe shi. Duk inda aka kira ƙanwata, zan bi ta har ƙofar ɗakin. In na kai la'asar ban gudu ba, zai goge sunanta.

Bene hawa uku ne. Abin ya yi kuka, muka hau. Muka sauko, ya yi kuka, muka sake hawa. Na taka bakin rigata na faɗi a gaban masu jiran magani, wata ma'aikaciya ta zo da keken marasa lafiya za ta ɗora ni. Auta ko waiwaye ba ta yi, sai dai ta ce, "Yaya, ɗaga ƙafa." Ba ta ci komai ba tun safe, ni ma haka. Da azahar na fara roƙon abin a zuciyata ya yi shiru. Da la'asar Farfesa ya same ni zaune a matakala, hula a hannu, ya karɓi bip ɗin ya miƙa mata, ya ja layi a kan sunanta a takardarsa.

Yanzu ita likita ce, wayoyinta biyu. In ta zo gida za ta yi alwala, Inna take ba wa, Inna kuwa ta tura su ƙarƙashin cinyarta tana kallona. Tsohuwar Godomey ta yi ta aiko wa a tambaye ni yaushe zan kawo na'urar, ɗaya gwiwar ma ta fara. Sai da na je da kaina na gaya mata gaskiya. Ba ta yarda ba.