Wuyan Yaya Waisake

Yayana Waisake manomin gwaza ne a tsibirinmu na Kadavu, kuma shi ke ba da waƙa a coci. Ƙato ne mai barkwanci. Har ya shekara arba'in da uku bai taɓa kwana a asibiti ba.

Wata Talata ya dawo daga gona, ya sauke kwando, ya dafe ƙeya.

"Ilisapeci," ya ce wa matarsa, "kamar an sara mini gatari."

"Kai dai faɗi gaskiya, kavar nan mai bugarwa da kuka sha jiya ce ba ta sake ka ba," in ji ta, tana dariya.

Ba ta rufe baki ba ya yanke jiki ya faɗi, yana amai.

Igiyar ruwa ta hana kwalekwale fita sai washegari. Kwana biyu muka yi kafin mu kai shi babban asibiti a Suva, babban birnin ƙasarmu, inda aka ɗauki hoton kansa. Wata likita ta zaunar da mu ni da Ilisapeci.

"Manyan jijiyoyi biyu ne ke bi ta gaban wuya su kai jini ƙwaƙwalwa," in ji ta. "Shi da guda ɗaya aka haife shi. Ba safai ake ganin haka ba. Ƙananan jijiyoyi ne suka ɗauki nauyin tun yana jariri, har ɗaya ta kumbura ta fashe."

"To, a ɗinke ta mana," Ilisapeci ta ce.

Likitar ta sunkuyar da kai. "Inda jinin ya kwanta ya riga ya lalace."

Bai mutu ba. Muka dawo da shi gida a kan katifa, ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Yanzu shekara huɗu ke nan yana jingine a baranda, yawu na zuba a ƙirjinsa. Ciyawa ta cinye gonar. In na ce, "Yaya, ka gane ni?" sai ya dube ni, ya yi ta kuka.

'Ya'yansu uku ne, babu wanda aka taɓa ɗaukar hoton wuyansa. Kullum da safe Ilisapeci takan tare su a bakin ƙofa, ta ɗora yatsu dama da hagu a wuyan kowanne, tana neman bugun jini. Ba ta san abin da take ji ba. Yaran sun fara guje mata.