Ranar da Kaka Ta Ƙi Tashi

Kaka, mahaifiyar Babanmu, ta zo mana Riyad bayan ta gama Umra, aka shimfiɗa mata katifa a ɗakina a gidanmu na unguwar Manfuha. A lokacin ina karatun tarihi, kuma ina da ɗabi'ar karanta littafi da ƙarfi, in tsaya in zuba wa taga ido. Uwar mafarki take kirana, ni kuma ina kiranta tsohuwa.

Abin da muke kai a zangon shi ne wariyar launin fata. Bayan la'asar sai in fassara mata: ƙasashen da hukuma da kanta ta rubuta doka, baƙi ga famfonsu, farare ga nasu, benci daban, makaranta daban, har maƙabarta. Na ba ta labarin mutanen da suka daina hawa bas suka koma tafiya a ƙasa har aka soke dokar, da wata mata da aka ce ta tashi daga kujera ta ƙi.

"Wannan 'yar halak ce," in ji Kaka. "Tana da rai in aika mata da yaji?"

Sannan ta ba ni nata. Tana yarinya, mahaifinta kuku ne a barikin Turawa. Wata rana a tashar jirgin ƙasa rana ta dame ta, ta hango benci a inuwa babu kowa, ta haye ta zauna tana kaɗa ƙafa. Ashe na Turawa ne. Wani ma'aikaci ya ɗaga ta da hannu ɗaya ya dire ta a rana. Ta ce ba ɗagawar ce ta tsaya mata a rai ba. Mahaifinta ta gani, dattijo mai gemu, ya cire hula yana ba da haƙuri.

"Tun ranar na rantse," ta ce, "ba wanda zai sake tayar da ni daga inda na zauna, sai Mai tayarwa."

Na rubuta waƙa a kan bencin nan. Ta saurara, ta ce ta yi tsawo.

Wata Asabar ta ce tana so ta hau jirgin cikin gari zuwa unguwar Ulaya, ta ga dogayen benayen da Baba ke kai mutane a motar kamfani. Kafin ya fita ya ja ni gefe. Shi ya ɗauki nauyin takardar ziyararta, kuma Baba mutum ne da ko tarar ajiye mota aka yi masa sai ya kwana yana tunanin iƙama, takardar zamansa a ƙasar, da kafili, ubangidan da ya tsaya masa.

"Ki kula da Hajiya. Kada sunana ya shiga wata takarda, don Allah."

Jirgin kashi uku ne: na iyali, inda mata da yara ke shiga, na maza su kaɗai, sai taragon gaba mai tikitinsa daban. Namu tikitin na talakawa ne. Muna tsaye a tasha, ni ina kallon yadda haske ke saukowa ta rufin kamar ruwa ta rariya, jirgi ya iso, na waiga babu Kaka. Can na hango mayafinta yana shiga taragon gaba. Da ƙyar na faɗa kafin ƙofa ta rufe.

Ta samu kujerar farko, wadda ke fuskantar gilashi, ta baje. Wasu maza farare cikin fararen riguna suna ta danna waya.

"Kaka, nan ba namu ba ne."

"Na gani ai. Dubi su waye a ciki, dubi su waye a baya. Ni za a yi wa wayo?"

"Ba fata ba ce, tikiti ne."

"Can ma haka suka ce." Ta leƙa gaba. "Ina direban?"

"Babu direba. Da kansa yake tafiya."

"To jirgin da ba shi da direba, wa zai kore ni?"

Ba ta rufe baki ba mai duba tikiti ya shigo. Saurayi ne dogo, ɗan ƙasa, cikin rigar aiki, kuma ya fi Kaka duhu nesa ba kusa ba. Ya duba katinmu, ya ce da ni cikin ladabi wannan ba na nan ba ne, mu koma baya, in ba haka ba dole ya rubuta tara.

Sai na ga kamar fuskar Baba ce a gilashin jirgin. Na kuma dubi hannun Kaka, na ga ta damƙe ƙarfen kujera har jijiyoyi sun fito. Bakinta na wasa, hannun ba ya yi. Ban iya ce mata tashi ba.

Sai na juya na gaya wa saurayin labarin bencin da Larabcina na makaranta, wanda in na tsorata yake zama kamar huɗubar Juma'a. Har da hular. Wani daga cikin masu waya ya ɗago kai.

Saurayin ya dubi Kaka. Sannan ya naɗe hannun riga ya jera damtsensa da na Kaka.

"Ce wa hala ta duba," ya ce. Hala ita ce inna a bakinsu.

Kaka ta duba da kyau, kamar mai zaɓen atamfa.

"Ɗan wa ne wannan? Tambaye shi ko kakanninsa mutanenmu ne da suka zo Hajji suka ƙi komawa."

Ya yi dariya ya ce Allah ne masani, amma kakarsa na dama wani abin sha da gero.

"Ka ji! Fura ce. To tambaye shi, shi yana iya zama a nan?"

Ya ce in ya tashi daga aiki ya sayi tikitin, sosai ma.

"Ya zauna in gani."

Ya waiga hagu da dama, ya ɗosana a kujerar kusa da ita, gwiwoyinsa sun kusa taɓa gilashi. Ba wanda ya hana shi. Jirgi ya nutsa ƙarƙashin ƙasa, fitilu suna tahowa suna wucewa. Na lura Kaka ta ɗan ji haushi. Ta zo da shirin yaƙi, ta tarar da jika.

Amma doka na nan, shi ma akwai na sama da shi. Ya shafa kai, ya ce da ni: "Ba zan ce mata ta tashi ba. Ni a tasha ta gaba zan sauka. Ina gayyatarta ta raka ni, in nuna muku inda ake canza tikiti, ku dawo nan ɗin."

Na fassara. Kaka ta kanne ido.

"Gayyata ce ko kora?"

"Gayyata, wallahi."

"Ya faɗa da bakinsa."

Na koya masa kalmar. Ya ce "gayyata" kamar yana tauna dabino mai ƙwallo. Kaka ta bari jirgi ya tsaya, ta gyara mayafi, ta gyara ɗankwali, ta sa ƙofa ta kusa rufewa, sannan ta miƙa masa hannu ya riƙe, suka fita tana takawa kamar uwar amarya. Ba a rubuta komai ba. A wurin canza tikiti ta sa masa albarka har sai da layi ya taru a bayanmu, ta kuma tambayi ko yana da mata, tana nuna ni da haɓa. Wannan ban fassara ba, amma ya gane.

Jirgi na gaba ya zo, muka shiga taragon gaba da tikitinsa a hannu. Kujerar farko babu kowa. Ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya, ta dubi kowa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya kula ta. Ni kuwa idona ya cika, ina ta haɗa baitoci a zuci.

Tasha ɗaya muka wuce ta taɓo ni.

"Uwar mafarki, mutuwa aka yi musu ne?"

"A'a, haka suke."

"Ba gaisuwa, ba hira, ga sanyi kamar ɗakin ajiye nama. Tashi mu je wajen mutane."

"Yanzu fa muka saya, tsohuwa!"

"Na zauna, na ƙoshi. Ni na ce mu tashi."

A taragon iyali yara na tsalle, wata 'yar Sudan ta matsa mata wuri. Kafin mu kai Ulaya Kaka ta cire takalmi, ta ɗauki jaririn matar ta ɗora a cinya, suna ta hira, ita da Hausa, waccan da Larabci, ba wadda ta nemi in fassara.