Tsuntsun da Ƙanina Ya Gani

Duk sanda na ji ƙamshin zuma mai ɗan hayaƙi-hayaƙi, sai kishin ƙanina ya taso mini sabo fil, ni da furfura ta fara fito wa.

Kakanmu na wajen uba amya yake ɗaurawa a wani kurmi bayan Kurugu. Da bazara in zai je duba su, jika ɗaya yake ɗauka ya riƙe masa igiya, kuma kullum ƙanina ne. Ni babba ina tsaye! In na yi ƙorafi sai tsohon ya ce, "Kai ɗin? Bakinka ai rediyo ne, ba a kashe shi."

Ba zumar ce ta dame ni ba, tsuntsun ne. Kowace dawowa sai ƙanina ya tara mu a zaure ya ba mu labarin wani ɗan tsuntsu da bai cika tafin hannu ba. Wai bayansa shuɗi, bakinsa ja, idonsa kamar an ja masa kwalli. Wai daga ƙololuwar maɗaci yake gangarowa kai ƙasa, yana zura baki cikin ɓawo yana ciro tsutsa, bai taɓa faɗowa ba. Kaka na gefe yana gyaɗa kai, su haɗa ido su yi murmushi. Wannan murmushin, wallahi, shi ya fi ƙona mini rai. Na ce ƙarya ne, na ce haɗa baki suka yi.

Da naci da kuka, wata rana aka tafi da ni. Muna ƙarƙashin maɗacin muka ji wani siririn kuka, tsit-tsit. Kaka ya ɗaga yatsa. Ƙanina ya daskare. Ni kuwa sai bakina ya ce, "Ina yake?"

Fir! Ganye kawai na ga yana rawa.

Kaka bai yi faɗa ba. Miƙa wa ƙanina igiyar ya yi, ya ce, "Mu je, abokina." Ni bai taɓa kirana haka ba, har Allah ya yi masa rasuwa.

Yanzu kurmin ya zama gonakin masara, maɗacin ma an yi gawayi da shi. Ƙanina na zaune a Rogo, kuma duk sallah in ya zo sai 'ya'yana sun kewaye shi ya ba su labarin tsuntsun, har da kwaikwayon yadda yake gangarowa. Bara autata ta juyo ta ce, "Baba, kai ma ka gan shi?"

Na ɗauki buta na ce lokacin salla ya yi.