Jajayen Ƙwayoyin da Barsu Ya Cinye

A ƙauyenmu, kusa da Sule Tankarkar, Kaka ba ta fara tatsuniya sai wutar kara ta koma garwashi. Mu jikoki mu kewaye ta, karen gonarmu Barsu ya kwanta can gindin rumbu, don ya san iyakarsa fiye da wasu masu digiri da na sani daga baya.

Shekarar da Inna take da cikin ƙanwata, an ba ta jajayen ƙwayoyin ƙarin jini a wurin awo. Matan garinmu kuwa sun yi ittifaƙi cewa suna sa jariri ya yi ƙato, haihuwa ta gagara. Sai Inna ta raba gardama: ta sha yau, ta tsallake gobe, ragowar ta ɓoye a ƙwaryar ƙanzo cikin madafa. Barsu ya bi ƙanshin ƙanzo, ya cinye har da su. Ya yi ta amai, har da jini. Baba ya ce da safe zai kai shi wurin malamin dabbobi a Maigatari. Da gari ya waye Barsu ya miƙe yana kaɗa wutsiya, aka fasa tafiya. Kwana biyu muka tsince shi a sandare.

A yammacin nan Kaka ta ce mu matso, ga wata tatsuniya nan tafe.

Wai wata mai ciki ce baƙuwa ta ba ta jajayen 'ya'yan itace, ta ce ta haɗiyi ɗaya kullum. Karenta ya yi haushi, ba a kula shi ba. Sai ya fizge ƙunshin ya haɗiye, ya faɗi matacce. Ashe baƙuwar mayya ce, kare ya fanshi uwar ɗakinsa.

Na ce, "Kaka, to karen zai shiga aljanna?"

"Kai, mijin banza, sadakina ba ka biya ba, ka koma yi wa kare fatawa?" Muka fashe da dariya. Sannan ta waiwaya inda Inna take tsintar wake. "Ke 'yar nan, kin dai ji."

"Na ji, Iya."

Inna ba ta ƙara shan ko ɗaya ba. Ranar haihuwa ta zubar da jini, aka kai ta asibiti a Gumel. Baba ya ce da aka ja fatar idonta, fari ne fat kamar takarda. Ƙanwata ta dawo gida a hannun Kaka, Inna ba ta dawo ba.

Sai da na yi karatu na gane cewa sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙwayoyin, idan ya yi yawa, yana cin hanjin kare da hantarsa, kuma sauƙin nan na safiya yaudara ce. A take ya kamata a garzaya da karen wurin malamin dabbobi. Abin da ya yi wa Barsu yawa shi ya yi wa Inna kaɗan.

Ban taɓa iya jin haushin Kaka ba. Da ƙauna ta shirya tatsuniyar, kuma ta iya ba da labari, wannan ne illar. Yau a gidana magani yana saman kabad, inda kare ko yaro ba ya kaiwa. Da ƙanwata ta samu ciki, kowace safiya ina kiranta a waya, ba na ajiyewa sai na ji ta kurɓi ruwa ta kora ƙwayarta.